Yadda Za Ka Ba Bajapane da Ɗan Meksiko Gida Ɗaya Ba Tare da Ka Ce "Yi Haƙuri" Ba

A unguwar Nuzla kowa ya san Zaharadden dillalin gidaje. Masu shayi sun ce in ya taka ka, to ƙafarka ce ta shigo ƙarƙashin tasa. Matarsa Indo ta ce shekara ashirin ba ta taɓa jin "yi haƙuri" a bakinsa ba. Ga dabarunsa nan. Bi su daki-daki, tabbas za ka ga aiki.

1. Yi alkawari sau biyu

Kafilinsa Raed, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ce, "Ya Zaharadden, gidan nan na hawa na uku, in wata ya ƙare ba kowa ciki, halas, shi ke nan, nemi mai sabunta maka iƙama, takardar zamanka." Sai ga mutum biyu: Kuroda, injiniya Bajapane, da Anselmo ɗan Meksiko, kuku a wani otal. Zaharadden ya ce wa kowanne, "Naka ne." Gida ɗaya ne, amma baki ba ya gajiya.

2. Girmama katin baƙo

A ofis Kuroda ya rusuna, ya miƙa katin sunansa da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri. A wajensu katin nan fuskar mutum ce. Kai ina ruwanka? Na'urar sanyaya ɗakin gidan tana kaɗawa kamar injin markaɗe. Da Zaharadden ya je can, ya ninka katin huɗu ya cusa a gefenta. Tsit. Kayan Japan akwai inganci.

3. Raba musu lokaci

Anselmo ƙarfe huɗu, Kuroda ƙarfe biyar, don kada su haɗu. Kada ka tambayi yadda kowanne ke karanta agogo. Ga Kuroda, biyar tana nufin biyar saura kwata. Ga Anselmo ma, huɗu tana nufin biyar saura kwata. Tare suka fito daga lif.

4. Bari su ba da haƙurin

Kuroda ya cire takalmi a ƙofa, ya rusuna: a gafarce shi, ya zo da wuri. Anselmo ya rungume dillali har ƙafarsa ta bar ƙasa: a yafe masa, ya makara. Da suka gane gida ɗaya aka yi musu alkawari, kowanne ya shiga roƙon ɗayan ya ɗauka. Zaharadden yana ganin iƙamarsa tana narkewa. Kai dai ka yi ta kallon rufi.

5. Kada ka yaba na'urar

Nan ya kuskure. "Ku ji sanyi, ba ƙara!" Injiniya ya matsa ya duba. Ya ga rabin sunansa yana leƙowa. Ya juya ya fara neman takalminsa. Anselmo ya dafa kafaɗar dillali: "Ɗan'uwa, a garinmu ma wannan ba ta da kyau. In ya fita, na fita."

Gargaɗi

Abin da ya biyo baya, babu hannuna. An sabunta iƙama: Kuroda ya karɓi gidan, Anselmo na zuwa yi masa girki duk Juma'a, a makare. Amma sunan shekara ashirin ya tafi, don Muath mai gadi ya ji, kuma har ya kai wa Indo. Ga yadda aka yi: Zaharadden ya zaro katin, na'ura ta ɓarke da ƙara, ya miƙa shi da hannu biyu ya yi magana ƙasa-ƙasa. Kuroda ya kara hannu a kunne. Dole ya ɗaga murya har titi:

"Na ce laifina ne! Yi haƙuri!"