Nomau da Kwalaben Malama Suwaiba

A ƙauyen Tudun Kanya akwai wani mutum sunansa Nomau. Ya haura shekara talatin, ga ƙarfi ga haƙuri, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da yayarsa Tasallah, wadda mijinta ya rasu, da 'yarta Hansai mai shekara huɗu. A bayan garin ne aka haƙa ƙaton rami, motocin birni suna zuwa kullum suna juye shara. Duk wata kuma wata ma'aikaciya, Malama Suwaiba, takan zo ta ɗebi ruwan rafi da na wasu bututu biyu da aka kafa a gefen bolar, ta kai birni a auna. Rijiyoyin gidaje ba sa cikin takardarta. Nomau ne ke ɗaukar mata akwatin kwalabe.

Wata rana za ta tafi sai ta ce, "Malam Nomau, ka sa ido a kan bututun nan, ana jefa duwatsu a ciki." Motarta na tashi ya durƙusa ya manna idonsa a bakin bututun. Sai la'asar Tasallah ta gano shi, idanunsa sun yi jajir saboda warin da ke fitowa.

"Me kake yi haka?"

"Yaya, ba ta faɗi wane idon ba, shi ya sa nake canzawa."

Wata rana da damina, bayan an ɗauke ruwa, wani baƙin ruwa ya fara gangarowa daga bolar ya nufi rafi. Malama Suwaiba ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ya kamata a samu mai tare ruwan nan." Nomau ya tuɓe riga ya kwanta a tsakiyar kwatar. Ruwan ya bi ta kansa ya wuce abinsa. Mutane suka yi ta dariya. Kwana biyu bayansa ya feso da ƙuraje, Hansai ce ta zauna kusa da shi da mafici tana kore masa ƙuda.

Wata rana Hansai ta kwanta, amai da gudawa. Suka kai ta ƙaramin asibitin da ke ƙauyen gaba. Ma'aikacin ya ba su magani ya ce, "Ku yi ta ba ta ruwa, kada ku daina." Nomau ya karɓi wannan aiki. Ya ja guga a rijiyar gidansu, ya cika moɗa, ya ba ta, ya sake ja. Ko gona bai leƙa ba. A rana ta huɗu da hantsi yarinyar ta cika. Mata sun fara shigowa gidan, shi kuwa yana durƙushe yana kai moɗa bakinta.

Tasallah ta riƙe hannunsa. "Ya isa, Nomau."

"An ce kada a daina."

"To, yanzu ni na ce ka daina."

Ya ajiye moɗar. A watan nan wasu yara biyu ma suka rasu a garin. Aka ce kwana ne ya ƙare.

Da shekara ta zagayo, wata rana motar Malama Suwaiba ta lalace, sai ta aiko da akwatin kwalaben ta hannun wani direban motar shara, ta ce Nomau ya cika su kamar yadda aka saba. Mai kula da bolar ya san yadda rafin ya koma, ba ya kuma son a sani a birni. Ya kira Nomau gefe. "Kada ka wahalar da kanka zuwa rafi. Cika su da ruwan sha kawai." Ya yi nuni da haɓa wajen tankin da ake kawo wa ma'aikatansa daga birni. Nomau bai kula da haɓar ba. Ruwan sha ɗaya ya sani. Ya ɗauki akwatin ya tafi gida, ya cika kwalaben daga rijiyarsu, ya miƙa wa direba.

Bayan kwana goma Malama Suwaiba ta iso da mutum biyu daga ofishinsu, ko gaisuwa ba ta tsaya ta gama ba.

"Malam Nomau, a ina ka ɗebi ruwan nan?"

Ya kai ta bakin rijiyar. Ta leƙa, ta dubi randar da ke gindin bango, ta dubi Tasallah, ta ce awon da aka yi a birni ya nuna dattin bolar ya shiga ruwan. A ranar aka ɗebi ruwan kowace rijiya a garin. Kafin mako ya zagayo an rufe bakwai da katako, motar ruwa ta fara zuwa, mai kula da bolar kuma ba a sake ganinsa ba.

Da ta dawo, Malama Suwaiba ta samu Nomau zaune a kan katakon da aka rufe rijiyarsu da shi. Ta ce, "Malam Nomau, kai ka ceci yaran garin nan."

Ya dube ta. Ya ce, "Malama, da tun bara aka aike ni, da har da Hansai?"

Ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ci gaba da kallonta, yana jiran amsa.