Ranar Da Na Sumbaci Alhajin Damagaram

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a zauren Kawuna a Fagge ba, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Lokacin ina tsaron shagonsa na yadi, da yamma kuma in taka zuwa Sabon Gari, inda wani mutumin Dahomi ya buɗe 'yar kwaleji yana koyar da Faransanci.

Karatuna bai wuce elementare ba, amma buri kam ina da shi. A littafinmu na Faransanci akwai hoton wani birnin Faransa mai kogi da gadoji, ga wasu maza biyu sanye da kwat suna sumbatar juna a kumatu. Malam ya ce haka manya ke gaisawa a can. In na taso ina tafe ina mafarki ido biyu. Kududdufin bayan gidanmu ya zama kogin nan, jakunan 'yan itace su zama motoci, ni kuma ina bisa gada da sanda a hannu, kowa na ɗaga mini hula. (Sau biyu ina faɗawa kwata a kan wannan gadar.)

Rannan Kawu ya ce, "Gobe Alhaji Mamman zai zo daga Damagaram. Yana neman wanda zai riƙa yi masa tafinta wajen 'yan kwastan a kan iyaka. Na ce masa kai ne. Kada ka kunyata ni."

Aikin da nake roƙon Allah ke nan. Sai na ce a raina, mutumin da ya tsufa a ƙarƙashin mulkin Faransa ai ya saba da ɗabi'unsu, bari in nuna masa ba baki kaɗai na iya ba. Na aro kwat da takalmi sau-ciki wajen wani ɗan ajinmu.

Washegari na tarar da zaure cike da 'yan kasuwa. Ga dattijo zaune bisa buzu, gemu fari fat, yana jan carbi. Ban yi sallama ba. Ban tuɓe takalmi ba, ban durƙusa ba. Na taka tabarma ƙwas-ƙwas, na sunkuya, na dafa kafaɗunsa, na manna masa sumba a kuncin dama, na koma na hagu. (Allah Ya yafe mini, har da ƙara.) Sannan na miƙe na zuba masa gaisuwar da na haddace.

Kawu ya zuba wa ƙasa ido.

Alhaji ya sa hannun riga ya goge kumatunsa a hankali, ya dubi Kawu.

"Malam Sule, yaron nan naka yunwa yake ji ne?"

Aka fashe da dariya, har wani ya ƙware da goro.

"Ɗana," in ji shi, "shekarata talatin ina shiga ofishin Nasara, ba wanda ya taɓa lasata sai yau a Kano. Fita ka sake shigowa."

Na fita. Da ƙyar takalmin aro ya fita daga ƙafata. Na yi sallama, na durƙusa, na tambayi gajiya da iyali da mutanen Damagaram. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai rage mini ko guda ba. Sannan ya zaro wata takarda mai hatimi daga aljihu.

"To, me suka ce a nan?"

Na karanta, na fassara: ranar da za a buɗe masa kaya ce aka canja.

"Madalla. Bakinsu na ɗauke ka ka ara mini. Gaisuwar kuwa ka bar musu abarsu."

Shekara tara na yi ina bin sa, harshen nan ya ci da ni, ya yi mini aure. Birnin gadoji dai har yau a hoto na san shi. Abin da na koya shi ne, duk yaren da za ka shiga zaure da shi, ka fara tuɓe takalmi. Jikokin mutanen zauren nan kuwa, in na wuce, har yanzu sai su kare kumatu.