Yadda Za Ka Tsabtace Kejin Akun Matarka Ba Tare Da Ka Jiƙa Hannu Ba

Ɗan'uwa, zauna. Matarka ta tafi jinyar yayarta na sati uku, ta bar maka aku a keji, ko? Kuma ba aku ne na banza ba, na marigayi mahaifinta ne. Shi kaɗai ya rage a duniya da ke yin irin tarin tsohon, sannan ya ce, "Auta, kin ci abinci?" da muryarsa sak. Kullum da safe sai ta tsaya ta ji wannan kafin ta ɗora ruwan shayi. Da za ta fita ta ce, "Don Allah Baban yara, kullum ka zare farantin ƙasa ka wanke." Kai kuma ka ce, "Haba, wannan har aiki ne?"

To, ni na san aiki ne. Amma in ka bi matakan nan, na lamunce maka za ta dawo ta tarar da keji fes, hannunka kuwa ko sabulu bai gani ba. Na gwada da kaina.

Mataki na 1: Ka yi nazari tukuna

Kada ka yi gaggawa. Ja kujera gaban kejin, ka dubi kashin nan da ɓawon gyaɗa da gashin da ya zuba, ka girgiza kai irin na masana. Sannan ka dubi akun ido da ido ka ce, "Gobe, in Allah ya kai mu." Ka faɗa da ƙarfi, don zuciyarka ta ji ta kwanta. Mai ilimi ba ya faɗa wa aiki ranar farko.

Mataki na 2: Shimfiɗa, kada ka cire

Nan sirrin yake. Jahilai suna cire tsohuwar jarida su sa sabuwa. Don me? Ɗauko ta yau, ka shimfiɗa a kan ta jiya, ka danna da bayan cokali. Shi ke nan. Ƙazantar da ido bai gani ba, wa ya ce tana nan? Gobe ma haka, jibi ma haka. Kowace shimfiɗa ka yi, ka sake yi wa akun alkawarin gobe, don tsuntsu ma yana son a ba shi fata.

Mataki na 3: Wari

Wajen kwana na shida falon zai fara magana. Kada ka tsorata. Kunna fanka, fesa turarenta mai tsada, wanda take ɓoyewa bayan akwati. In maƙwabcinka ya leƙo ya toshe hanci ya ce, "Malam, wani abu ya mutu ne a gidan nan?" ka ce kwatar gidansa ce, kuma dama kana neman sa a kan maganar. Zai tafi da kansa.

Mataki na 4: In ta kira waya

Za ta kira, za ta ce, "Ka wanke masa?" Kada ka yi ƙarya, ƙarya ba kyau. Ka ce, "Yanzun nan na taso daga wurinsa." In ta ce ka kai masa wayar ta ji muryar Baba, ka shiga banɗaki ka ce layin yana yankewa.

Mataki na 5: Ƙasa za ta tashi

Sati biyu, za ka lura ƙasan kejin ya hau har ya haɗiye sandar da akun yake tsayawa a kai. Kwanon ruwan ya nutse, ka sa wani a sama. Akun zai riƙa tafiya a duƙe, kansa na gugar rufi. Wannan ci gaba ne. Mutane nawa ne ke neman hawa sama ba su samu ba? In ya daina cin gyaɗa, ya kumbura gashi ya yi shiru a lungu, ka ce kewar uwar ɗakinsa yake yi.

Mataki na 6: Ranar dawowa

Ka shimfiɗa jarida mai hotuna masu launi, ka goge ƙarafan waje da hannun riga, ka tarbe ta da fara'a.

A nan ne, gaskiya, hanyar tawa take da ɗan gyara. Matata ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi kejin. Ta ja farantin, ya ƙi fitowa. Ta buɗe ƙofa ta fara ɓare jaridu ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kwanan wata a bayyane, har ta kai ta ranar da ta tafi. Ashirin da ɗaya cif. Ban taɓa sanin ina da tsari haka ba.

Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ma ta yi. Ta ɗora akun a hannunta, ta shafa kansa, ta ce a hankali, "Baba, na dawo." Muka kasa kunne muna jiran tarin nan. Ya karkata kai, ya buɗe baki, ya ce da muryata, "Gobe, in Allah ya kai mu."

Ta sake gwadawa. Ya sake. Sai ta zauna a ƙasa, cikin jaridun nan, ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sanarwa

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ban san ka ba, kuma kada ka zo gidana neman bayani. Ba ni da lokaci. Kullum da safe ina tsugune a baranda da buroshi da bokiti, in na gama wanke farantin in ja kujera gaban keji, in yi tari irin na surukina, in ce, "Auta, kin ci abinci?" sau hamsin. Wata na huɗu ke nan. Tarin dai akun ya fara kamawa, amma ta ce nawa ne, ba na Baba ba.