Rasuwar Mai Rariya, Makirfon Manasseh

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya rasa inda zai sauke shi, Manasseh mai gyaran rediyo na Sabon Gari, Keffi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar makirfonsa, wanda aka fi sani da Mai Rariya. Ya rasu ranar Asabar da yamma, yana da wata biyar a duniya.

Marigayin ba ɗan kanti ba ne. A kan teburin shago aka haife shi, bayan mako uku ana ƙone yatsa da dalma. Zuciyarsa daga wata matacciyar wayar hannu aka ciro ta, gangar jikinsa tsohuwar tocila ce, kansa kuwa rariyar shayi ce da Manasseh ya ɗauke daga kicin bai gaya wa kowa ba. Sau huɗu ana haɗa shi yana ƙin magana. A na biyar ya ce "kiiii", har mai facin taya na maƙwabta ya leƙo. An yi dariya sosai, har da mutanen da ko batir ba su iya sa wa rediyo daidai ba.

Ba don burgewa aka ƙera shi ba. Don Mama Lea aka yi shi, mahaifiyar Manasseh, wadda ta shekara talatin tana ba da waƙa a Zumuntar Mata ta coci ana amsawa, har tsufa ya cinye muryar, ta daina wuce bencin gaba. Makirfon coci guda ɗaya ne, a ɗaure a kan mumbari. Mai Rariya ne ya maido wa tsohuwa muryarta har bakin ƙofa.

Mai haƙuri ne. Ya jure ƙwanƙwasar dattawa da hurawarsu, wai gwaji suke yi, bai taɓa amsa musu da abin da ya wuce "fuu" ba. Laifinsa ɗaya, yakan janyo tashar rediyo, har ya taɓa karanta sakamakon ƙwallo ana tsakiyar addu'a.

Ciwon ajalinsa gajere ne. Lahadin da ta wuce ce sujadar godiya ta kaka, kuma ranar ce Mama za ta ba da waƙarta ta ƙarshe, don 'yarta Dokas mai aiki a Abuja za ta tafi da ita gidanta na Mararraba da zama. Ranar Asabar mata suka fito wankin coci kamar kowace shekara. Manasseh ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗi kada a taɓa masa kaya. Mutum ɗaya ce bai gaya wa ba, don wa yake yi wa uwarsa gargaɗi? Mama ta ga rariya ta yi baƙi da hannun mutane, ta ce ita kam ba za ta tsaya gaban jama'a da ƙazanta ba. Ta tsoma shi a bahon kumfa tare da kofuna, ta dirje shi da soso, ta ɗauraye, ta kife shi a rana.

Haka Manasseh ya same shi, yana ƙyalli, ruwa na ɗiga ta gindi. Ya kwance shi, ya shanya, ya tusa shi cikin buhun shinkafa, ya sake dalma. Wallahi babu abin da bai yi ba. Marigayin ya ce "ɓur" sau biyu, daga nan shiru. Kayan haɗa wani kuwa babu su a shago, mako ukun haɗawar ma babu.

Ranar Lahadi Mama ta riƙe shi da hannu biyu, ta rera baiti shida. Bencin gaba kaɗai suka ji. Sauran coci bakinta suke kallo don su san inda za su amsa. Bayan an tashi ta dafa kafaɗar Manasseh ta ce, "Kada ka damu, ɗana, ka yi ƙoƙari. Aikin ne bai yi ƙarko ba. Amma ka ga yadda na gyara maka shi?" Ya ce, "Na gani, Mama. Sannu da aiki."

Marigayin ya bar lasifika biyu, da waya yadi shida, da mai shi da har yau abinci ba ya wuce masa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, a aljihun teburin tarkace, inda ya fito. Ba za a binne shi tare da kan nasa ba, don Mama ta gane rariyarta, ta ce za ta tafi da ita Mararraba. Duk wanda zai zo ya ce "da ka sayo na Abuja", ya yi zamansa a gida, an karɓi gaisuwarsa. Sauran masu ta'aziyya kuma Manasseh na roƙon abu ɗaya. In Mama ta tambayi abin da ya kashe shi, a ce aikin ɗanta ne bai yi kyau ba.