Ƙwai Ba Ya Ba da Shaida

A Dajin Rugunguma tafkuna bakwai ne tun kaka da kakanni, kowa da inda yake sha. Da Zaki ya tsufa, gudu ya fara yi masa wuya, sai ya gano cewa tafkuna bakwai ɓarna ce. Ya sa giwaye su cike su da ƙasa, a bar ɗaya tak, na ƙofar gidansa, don talakawa su riƙa shan ruwa kusa da shugabansu. Aka cike biyar. Kwaɗi suka yi shiru, dinya ta yi ƙaura, gaiwa ta bushe cikin laka.

A tafki na shida Inna Gauraka take kwance kan ƙwai biyu. Mijinta ya mutu a gobarar da fadawa suka cinna wa ciyawa don korar gada, kuma duk dajin babu sauran gauraka sai ita. Ranar majalisa ta bar sheƙarta ta zo ta durƙusa.

"Allah ya ja zamanin Manyan Dawa. Kwana talatin nake roƙo. 'Ya'yana su ƙyanƙyashe, su yi ƙafa, sannan a cike."

Dila, wanda shi ne waziri, ya gyara murya. "Inna, majalisa ta ji tausayinki ƙwarai. Amma dokar iyaye ce, ba a karɓar kuka sai da shaida daga jinsin mai kuka. Ina ɗan'uwanki?"

"Ku kuka ƙone shi, Waziri."

"To, wani fa?"

"Suna cikin ƙwai."

Kura ta fashe da dariya har da hawaye. "A kawo su mana mu ji ta bakinsu! Ni zan riƙe su."

Burtu ya miƙe zai yi magana, aka tuna masa shi ba gauraka ba ne. Ya koma ya zauna, da alama ma ya ji daɗin tunin.

Zaki ya yi hamma, ya ce baiwar Allah irin wannan ba za ta tafi hannu banza ba. Nan take aka naɗa ta Uwar Tsuntsayen Ruwa, aka ce tukkunta ne zai zama tambarin daji har abada. Aka yi guɗa. Dila ya yi jawabi mai tsawo kan darajar gauraki da wajibcin kula da su.

Tana nan durƙushe, don ba a tashi sarki bai sallama ba, ta ji ƙasa na girgiza daga gabas, wajen tafki na shida. Giwaye ba sa zuwa majalisa. Tun da hantsi suka fara aiki.