Ka Sa Kanwarka a Ciki

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na shayar da babban baƙo ruwan kanwar shanu ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu da ke kusa da garin Ƙofa, na yi 'yan watanni a ciki na fito da takardar shaida. Watanni ne kawai, amma in ka ga yadda nake tafe da fensir a bayan kunne, sai ka rantse ni na ƙago boko. Sana'ata kuwa sayar wa Fulani jar kanwa, buhuna yana nan jingine a zaure. (Ku riƙe zancen buhun nan, za mu dawo kansa.)

Ana nan sai aka ce za a mayar da malamin ajinmu wani gari, ana neman wanda zai gaje shi. Aka ce mai duba azuzuwa zai zo daga Bebeji ya gwada ni, kuma a gidanmu zai sauka. Ina son aikin nan har cikin raina. Ba don komai ba sai don a kira ni Malam a gaban Baffa, ƙanen mahaifina, mai makarantar allo, wanda kullum yake cewa bai yarda da rubutun da ke fara tafiya da hagu ba.

To, baƙo sai da abin sha. Innarmu ta yi suna wajen jiƙon tsamiya da zuma, wanda in ka sha cikin rana sai ka ji sanyi har tafin ƙafa, amma ta tafi Doguwa wankan jegon yayarmu. Ƙanwata Asabe tana gida, kuma tun tana ƙarama take taya Inna haɗa shi. Ta ce in bari ta yi mini. Na ce mata zamanin haɗa abu da ka ya wuce, yanzu komai a rubuce ake yi. Na zauna na rangaɗa wa Inna wasiƙa, na ba wani mai zuwa cin kasuwa. Bayan mako guda amsa ta iso, wani mai rubuta wa mutane wasiƙa ya rubuta mata. Ga abin da ke ciki, har yau na haddace shi:

"Ka jika tsamiya tun da safe ka tace, ka sa zuma da citta. Kada ka yi kai kadai, ka sa kanwarka a ciki. Kada ka ba baki sai ka nemi Baffanka ka ba shi yaji."

Mutumin nan bai sa wa harafi ko ɗaya ƙugiya ba, kuma inda ya ga dama ya manne kalma da kalma. "Jika" dai na gane jiƙa ake nufi, tun da ko aure ban yi ba balle in yi jika. Na yaba wa kaina da wannan basira, daga nan kuma na daina tunani.

Ranar Alhamis da hantsi na kori Asabe daga madafa. Na tace tsamiya a babbar ƙwarya, na zuba zuma da citta, ƙamshi ya tashi kamar na Inna. Da a nan na tsaya da yau wani labarin nake ba ku. Sai na duba takarda: ka sa kanwarka a ciki. Ban taɓa ganin Inna ta sa kanwa a wannan abin ba, amma na ce ai kowane gwani da sirrinsa, wataƙila a ɓoye take sawa. Kuma ta ce kanwarka, wa ke da kanwa a gidan nan in ba ni ba? Na je zaure na ɓallo dunƙule kamar ƙwan zabuwa, na daka, na juye.

Sai ƙwarya ta hau kumfa tana tsuwa. Na ja da baya ina salati. Da na ga ba ta fashe ba, sai na tuna lemon kwalba da na taɓa gani a kanti a Kano, shi ma haka yake kumfa. Na ce ashe Inna ta daɗe da wayewa ba mu sani ba. Launin abin ya koma kamar ruwan kududdufi, ƙamshin tsamiya ya mutu, wani wari ya taso irin na tukunyar wake. Na so in ɗanɗana, amma takarda ta ce kada in ba baki, ni kuwa ba na saɓa wa uwa, balle a rubuce.

Saura yaji. Na ƙulla shi a ganye na nufi rumfar Baffa, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa da hannu biyu. Ya kwance, ya duba, ya dube ni.

"Wannan fa?"

"Inna ce ta ce in ba ka, Baffa."

"Ni tsire ne? Mayar da abinka, Allah ya shirye ka."

Na taso kaina ya ɗaure tamau. A hanya na yi ta juya maganar, har na gano (a ganina) cewa "shi" ɗin nan ba Baffa ba ne, abin shan ne. Na juye yajin duka a ƙwarya. Da na ga ja yana yawo a sama, sai na ji tsoron kada ya yi zafi da yawa, na yanka gurji na zuba don ya sanyaya shi. Gurji kuma ba ya tafiya sai da gishiri, na barbaɗa. Na matse lemon tsami uku don in farfaɗo da tsamin da ya mutu, kumfa ya sake tashi. Asabe ta leƙo ta tambaya ko miya nake yi. Na ce mata abin da ba ta karanta ba kada ta sa baki.

Bayan azahar baƙo ya iso a kan keke, dattijo mai fara'a, gumi ya jiƙa masa riga. Mai gari ya rako shi, Baffa ma ya zo, aka zauna a zaure. Na kawo ƙwarya da ludayi, na ce ga ɗan abin da na haɗa da hannuna daga rubutacciyar takarda. Baƙon ya yi bisimilla, ƙishirwa ta sa ya kai ludayi guda cikakke bakinsa.

Bai haɗiye ba, bai kuma tofar ba. Kumatunsa suka cika, idonsa ya kawo ruwa, yana duban ƙofa yana duban mai gari. Da ƙyar ya tura shi ciki, sai gyatsa ta biyo baya, irin wadda ake ji daga waje. Mai gari ya kurɓa don kara, ya tauno gurji, ya ce a hankali wannan ai abin da ake ba saniya ne in cikinta ya kumbura. Baffa ya shinshina kawai ya ajiye ludayin.

Ni har lokacin ban gane ba. Na zaci abin zamani ne ya fi ƙarfin harshensu. Na zaro wasiƙar daga aljihu na miƙa wa baƙon, don ya ga ban kauce ko da harafi ɗaya ba. Ya goge ido, ya karanta a bayyane, a tsanake, yana mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa:

"Kada ka yi kai kaɗai, ka sa ƙanwarka a ciki. Kada ka ba baƙi sai ka nemi Baffanka ka ba shi ya ji."

Daga bayan zana sai na ji wani sauti kamar ana shaƙe akuya, ashe Asabe ce ta toshe baki da zane. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona, sai na ajiye shi a kan buhun kanwa, wanda ya ƙara dagula lamarin. Baffa ya ce, to, yanzu ya gane dalilin yajin, dā yana ta tunanin laifin da ya yi wa matar wansa.

Baƙon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce rashin ƙugiya laifin mai rubutu ne, wannan ba nawa ba ne. Sannan ya ce, "Amma ɗana, ka ga an ce ka ba Baffanka yaji, ka ga ƙwarya tana tafasa ba wuta, duk ba ka tsaya ka tambayi kowa ba? In na ba ka aji, wa zai tambaye ka, kai da ba ka tambaya?" Ya ce in koma in ƙara zama a gaban allo. Aikin aka ba wani. Kafin ya hau kekensa, Asabe ta aiko masa da jiƙon tsamiya na gaskiya, wanda ashe ta haɗa a ɗakin Inna tun da ta ga na nufi buhu. Ya shanye ƙwarya guda, ya tambaya wa ya yi.

Da aka buɗe ajin mata ita ta fara shiga, kuma ta riga ni zama malama da shekara biyu. An ce duk ranar da za ta koyar da bambancin k da ƙ, da labarina take farawa, kuma ba a taɓa samun ɗalibar da ta manta ba. Ni kuwa har na yi furfura Malam Kanwa ake kirana, wato dai na samu Malam ɗin da nake nema, sai dai da ƙari. Tun daga ranar, kowace takarda ta zo hannuna, ko ta hukuma ce, in na karanta na ga na fahimta sarai, sai in sa ƙanwata a ciki.