Ranar da Baba Lowell ya kai ƙyaure gaban kwamiti

Jama'a, yau da safe dinya ta cije ni a ƙwauri, kuma a bakin gonar masara. Na san za ku ce Merle ya fara ruɗewa, me ya haɗa dinya da masara? To ku zo ku ga shaidar bakinta, tana nan ta yi baƙi sama da safata. Uwargida Darlene ce ta tasa ni gaba, wai likita ya ce tumbina ya fi ƙarfin bel, in dinga taka sabuwar hanyar shaƙatawa da gunduma ta shimfiɗa mana. Na taka kuwa. Ina isa daidai gonar maƙwabcina Baba Lowell Brubaker na duƙa ɗaure igiyar takalmi, sai ga wata ƙatuwar dinya ta fito daga ruwa da 'ya'yanta biyar, ta miƙe wuya ta yo kaina. Na zura da gudu, ta biyo ni. Wasu 'yan keke masu matsattsun wanduna suka tsaya ɗaukata hoto, ɗaya har yana ɗaga murya, "Baba, kada ka firgita ta, doka na kare ta!" Ni da aka ciza ban ji ya ambaci dokar da ke kare ni ba.

Ku da kuka tare kwanan nan a rukunin gidajen Tudun Tuffa, inda babu tudu kuma an sare tuffar, bari in gaya muku abin da dillali bai gaya muku ba. Wannan yanki namu na jihar Indiana da kuke gani shimfiɗe kamar faifai, dā can fadama ce, sauro da kwaɗi ne masu gari. Kakanninmu ne suka haƙa ta da hannu, suka jera bututun yumɓu a ƙarƙashin ƙasa, kowane guntu tsawon kamu ɗaya, baki da baki, suka binne. Ƙananan bututu na zuba a cikin babba, babban kuma, wanda muke ce wa uwa, ya kai ruwan rafi. Ba wanda ya taɓa kai wa hukuma takarda a kan wannan aiki. Kowane manomi da fensir yake zana inda nasa suka bi, a cikin ƙyauren sitonsa, saboda takarda ɓera na ci, ƙyaure kuwa yana nan inda ka bar shi. A ƙyauren Baba Lowell akwai hannun kakansa, akwai na mahaifinsa, akwai nasa. Eka goma sha takwas ce ta rage masa daga gonar gado, kuma duk ruwanta ta uwa ɗaya yake fita.

Bara da kaka sai manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, suka lura cewa talakawa na fama da ƙarancin wurin tuƙa keke. Mai Girma Sarkin Almakashi, shugaban gundumarmu, wanda bai taɓa ganin kintinkiri ya bar shi da rai ba, ya sanar da hanya mai mil tara. Na hannun damansa, Yallaɓai Uban Taswira, ya ja layi a kwamfuta, layin ya bi ta zirin ƙasar gunduma da ke tsakanin gonar Baba Lowell da rafi. Ranar da katafila ta iso, tsohon ya taka har wurin, shekararsa saba'in da tara, ya ce wa shugaban ma'aikatan, "Ɗana, a nan uwa ta ratsa. Ku shimfiɗa katako kafin ku hau, ba ta da zurfi." Mutumin ya nuna masa hoton da tauraron ɗan adam ya ɗauka, ya ce, "Baba, duba da kanka, babu komai a nan sai ciyawa." Gaskiyarsa, ban taɓa jin tauraron da ya ga abin da aka binne ba. Katafila ta hau, manyan motocin tsakuwa suka bi bayanta har kwana huɗu.

Da ƙanƙara ta narke a watan Maris, ruwa ya tsaya a gonar, ya ƙi tafiya. Ya fara daga kusurwar rafi, kafin Afrilu ya cinye fiye da rabi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a nan ya san idan masara ba ta shiga ƙasa kafin ƙarshen Mayu ba, shekarar ta wuce. Kuma Baba Lowell ya gaya mini da bakinsa cewa 'yarsa ta gindaya masa sharaɗi: in gonar ta kwana shekara guda ba shuka, zai sayar ya koma wurinta a birni. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba. A ba shi izini ya yanka hanyar faɗin taku biyu, ya cire fasasshen bututu, ya sa sabo, ya mayar da tsakuwa. Aikin wuni ɗaya, da injinsa da guminsa. Aka rubuto masa cewa ya bayyana gaban kwamitin shaƙatawa da shaidar cewa akwai bututu a wurin.

Ranar zaman ya ƙwanƙwasa mini ƙofa tun da hantsi.

"Merle, a-kori-kurarka na tashi?"

"In ta ga dama. Ina za mu?"

"Shaida suka ce. Zo ka kama mini."

Muka kwance ƙyauren nan, jan fenti a waje, tsayinsa ya fi ni da rabi, muka ɗaure a bayan mota. Har yau bayana bai yafe mini ba. Muka shiga da shi zauren taro a karkace, muka jingina a gaban teburin manya, ɓangaren zanen na kallonsu. Sarkin Almakashi ya sauke tabarau.

"Dattijo, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, shaida ce. Ga uwa nan, wannan layin mai kauri. Kakana ya ja shi. Ga inda hanyarku ta taka ta."

A zauren nan minti uku ake ba talaka, akwai ma agogo mai ƙararrawa. Minti ɗaya ya tafi a dariya. Sannan Uban Taswira ya gyara zama ya yi bayani cikin ladabi cewa tun bara aka daina karɓar shaida hannu da hannu, sai dai a tura ta intanet.

Baba Lowell ya dubi ƙyauren, ya dubi kwamfutar da ke gaban Yallaɓai. "To ta wace kafa zan cusa shi?"

Na ce a ɗauki hotonsa mana, ga waya a hannun kowa. Aka ce hoton zanen fensir ba taswira ba ne sai ƙwararre mai lasisi ya sa hannu. Aka kafa ƙaramin kwamiti da zai nemo ƙwararren, zai kawo rahoto bayan mako shida.

"Yallaɓai, masara ba ta san mako shida ba," in ji tsohon.

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka gode mana da kishin ƙasa, aka roƙe mu mu fitar da ƙyauren don yana tare ƙofar gudun gobara.

Kada ku ce manyanmu barci suke yi, ni shaida ne sun yi aiki a makonnin nan shida. Agwagin daji suka sauka a gonar, dinyoyi suka biyo, har da wani dogon tsuntsu mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Mutanen sababbin gidaje suka fara zuwa da madubin hangen nesa. Ƙwararre ya zo, bai nemi ganin ƙyaure ba, ya ƙirga kwaɗi ya koma. Rahotonsa ya ce wannan fadama ce ta asali da ta dawo da kanta, kuma haramun ne a sa shebur a cikinta ko a gefenta. Kafin mu farga an kafa dandamalin kallon tsuntsaye a gefen gunduma, an ɗaura kintinkiri, Sarkin Almakashi ya iso da kayan aikinsa. A jawabinsa ya ce gwamnatinsa ta maido da ƙasar nan yadda Allah ya halicce ta. Ni na fi kowa tafi, don ban taɓa jin ya faɗi gaskiya irin ta ranar ba. Shekara goma sha ɗaya kakan Baba Lowell ya yi yana korar ruwan nan da shebur, su kuwa kwana huɗu suka maido shi, ba su ma san sun yi ba.

A wurin bikin na haɗu da Madam Corinne, wata maƙwabciyarmu daga Tudun Tuffa, mace mai kirki, ba na ɓoyewa. Ta riƙe hannuna tana murna.

"Malam Merle, ka ga ikon Allah? Saboda irin wannan muka baro birni!"

"Na gani, Madam. Gonar mutum ce dai."

"Ayya! To ya shuka shinkafa mana." Ta saki hannuna. "Af, yaushe zai fito da teburin masararsa bakin titi? 'Ya'yana ba sa cin ta kanti tun da suka ɗanɗana tasa."

Na nuna mata wurin da dinya ke kwance kan ƙwai, na ce teburin na ƙarƙashin waccan baiwar Allah, ta je ta tambaye ta.

Ranar ɗaya ga Yuni na leƙa gidansa. Na same shi zaune kan tarakta a cikin siton da ba ƙyaure, injin a kashe, buhunan iri jere a bayansa ba a farke ko ɗaya ba. Shekara arba'in muna maƙwabtaka, na ga ya binne matarsa, na ga ƙanƙara ta kwantar masa da masara ana saura mako biyu girbi, ban taɓa ganin ya zauna da rana tsaka hannu rabbana ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya dube ni, ya ce, "Merle, ka kwashe irin nan ka ba wanda ƙasarsa ta bushe."

Mako biyu bayan haka ya sa hannu ya sayar wa wani kamfanin gine-gine. A nan ne na ƙara ganin hazaƙar manyanmu. Ashe dokar da ta hana tsoho yanka taku biyu tana da wani sakin layi a can ƙasa, wanda ya yarda a zuƙe fadama gaba ɗaya muddin an yi alkawarin haƙa wani kududdufi mai feshin ruwa a wani wurin. Kwana tara kamfanin ya yi ya samu izini. Ba a kafa ƙaramin kwamiti ba, ba a kaɗa wa kowa ƙararrawa ba. Gida sittin da biyu za a gina, kowanne da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Sai ga wasiƙa daga Sarkin Almakashi, mai hatimin zinariya. Wai ƙyauren nan da ya gani ya taɓa masa zuciya, yana roƙon a ba gunduma shi a kafa a rumfar hutawa ta hanyar shaƙatawa, don jikoki su san tarihin noma. Na ce wa Baba Lowell ya faskara shi ya yi makamashi, ya fi masa daraja. Ya girgiza kai.

"A'a, Merle. Yara ne za su sayi gidajen nan, masu jarirai. Ruwa bai san an sayar ba, hanyarsa zai bi. Gara a kafa shi inda kowa zai gani, ko wani mai hankali ya duba ya san inda ba a haƙa ɗaki."

Haka muka sake ɗaure shi a a-kori-kura, bayana ya sake tsine mini.

To, dinyar nan ta yau, da ta koro ni, rumfar hutawar na faɗa na tsira. Ina haki na ɗaga kai, sai ga ƙyauren Baba Lowell a jikin bango. An wanke shi, an ƙara masa jan fenti yana sheƙi, an sa fitila a samansa da allon tagulla mai cewa an kafa shi don karrama manomanmu. An ɗaure shi da manyan kusoshi goma sha biyu, na ƙirga. Jan fentin ne ke kallon jama'a. Zanen yana manne da bango.

Na tambayi ma'aikaciyar da ke jera takardun talla a wurin. Ta ce, "Ai Baba, ɗaya gefen duk ya ɓaci, wasu sun yi ta zane-zane da fensir. Yallaɓai ya ce a juya mai kyan."

Da na ɗingiso gida na tarar da tsohon a bakin shinge, 'yarsa na loda akwatuna a mota. Bai tambayi ƙafata ba.

"Ka je rumfar? Ana iya karanta layin uwa? Hannun kakana ya ɗan dushe."

Na ce, "An kafa shi da kyau, Baba. Ko guguwa ba za ta cire shi ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya san ni, ya san amsar da na tsallake. Ya gyara hularsa, ya ce in gaida Darlene, ya shiga mota.

An riga an kafa allon sabon rukunin gidajen a bakin titi, da hoton zangarniyar masara. Sunansa Gonakin Brubaker. Masu sha'awa su hanzarta, an ce na layin rafi sun fi tsada saboda kyan iska. Ni dai na gaya wa Darlene ta bar zancen keken da take so ta saya mini, kwalekwale nake so, in Allah ya kai mu Maris zan buɗe sana'ar fito. Ita kuma dinya, in kun gan ta, ku ce na yafe mata, kuma kada ta yi nisa da 'ya'yanta. Ƙaura ce ta 'yan watanni.